Naman Gida Tara a Firizata

Ku da kuke cewa sayar da ƙanƙara ba sana'a ba ce, wai zuba ruwa ne a leda mutum ya koma ya kwanta, ku matso kusa. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba, amma shekara ashirin da wani abu na yi ina rufa wa gidan nan na Soron Ɗinki asiri da ruwan sanyi. Abin da idona ya gani zan faɗa muku, ba ƙari.

Ƙullin leda shi ne abu na farko da aka koya mini. Yaya Dije, yayar kakanku da ke aure a Mandawari, ita ta zaunar da ni gaban bokiti kwana bakwai. Ba a cika leda taf, domin ruwa in ya daskare kumbura yake yi ya fasa ta. Ana barin faɗin yatsa biyu, a matse iska, a murɗa wuyan sau uku, sannan a ƙulle. In na ƙulla sai ta karɓa ta juya bakin ƙasa ta matsa. Ɗigo ɗaya in ya fito, sai ta kwance ta miƙo mini. Daga nan sai jeri a firiza: sabon ƙulli a ƙasa da jikin bango inda sanyi ya fi ƙarfi, wanda ya kama a sama. Sai babbar doka, wadda ta maimaita har na gaji da ji. In an ɗauke wuta, marfi ba ya buɗuwa, ko wa ya yi sallama. A lulluɓa mata tsohon bargo da buhun algarara, a bar ta da abin da ta tara.

Firizar tawa ta hannu ce, kakanku ya sayo mini ita, mai marfi a sama, tsawonta kamar gadon yaro. Da kunne ake aiki da ita. Akwai kukan da take yi in tana ƙoshi, akwai wanda take yi in wuta ta yi rauni, kamar tsoho na jan numfashi, to a nan sai ki tashi ki zare ta kafin ta ji ciwo. Da azumi ba na zama daga la'asar har a sha ruwa. Masu fura, masu zoɓo, gidan biki, gidan da yaro ke zazzaɓi. Akwai kuma maƙwabciyata Tasalla, wadda sai ta latsa ƙulli goma ta ce duk ruwa ne, sannan ta ɗauki na farkon da ta latsa.

Amma ba ƙanƙara ce ta fi nauyi a sana'ar ba, ajiya ce. Duk Babbar Sallah, kowane gida yana soya naman layyarsa, sai dai akwai wanda ake so a bari ɗanye saboda miya da baƙi. A lokacin masu firiza a lungunmu ba su fi ni kaɗai ba. Sai in kwashe ƙanƙara tun jajiberi, in wanke ciki, in ba maƙwabta wuri. Ba na karɓar ko sisi. Tunda ban iya rubutu ba, sai na yi dabarata: kowane gida da ƙyallensa. Gidan liman fari, gidan Tasalla jan atamfa, gidan tela baƙi mai ƙulli biyu, haka har gida tara. Da shi nake ɗaure bakin leda. Shekara da shekaru ba a taɓa ba wani tsokar wani ba. Kuma shekara da shekaru ban taɓa gaya wa kowa ma'anar ƙyallayen nan ba. A kaina suke.

Cikin masu ajiyar akwai Gwaggo Hanne, tsohuwa mai sayar da daddawa a ƙarshen lungu. Mijinta ya rasu, ba ta da mai yanka mata. Abin da gidaje suka aiko mata, nan tsoka biyu, can guntun hanta, shi take tarawa ta kawo mini ƙulli guda, in ɗaure da koren ƙyalle. Haƙoranta sun zube, soyayye ba ya ciyuwa gare ta. Sai ta riƙa zuwa tana karɓar kaɗan kaɗan tana dafawa ya yi luguf, har ya kai ta wata biyu. Naman shekararta ke nan.

Takardar inshora kuwa, baffanku Sabi'u ne ya kawo ta, bayan gobara ta cinye wa wasu ɗaki a bayan layinmu. Ya zo daga Kaduna inda yake aiki, ya zauna ya ce, "Hajiya, na yi wa kayan gidan nan inshora."

Na ce, "Mece ce kuma haka?"

Ya ce, "Kamar taimakekeniya ce. In gobara ta tashi, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya, su za su biya."

Na ce, "Har firiza?"

Ya ce, "Har firiza."

Ban ƙara tambaya ba. Shi ma, ashe, bai juya bayan takardar ba, inda aka yi rubutu ƙanana kamar tururuwa. Na naɗe ta na sa a kwalla.

To, shekarar da ta zo da wuya, Sallah ta faɗo ranar Juma'a. Asabar aka kakkawo nama, na jera, firiza ta cika har baki. Lahadi da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji gidan ya yi wani irin shiru. Na ajiye rariya. Ƙwan lantarki na ci, fanka na juyawa a ɗakin Bilkisu, matar autana. Na shiga na sa kunne a jikin firiza. Ƙas, ta yi, kamar an karya tsinke, sai shiru. Can an jima, ƙas, sai shiru. Na zare na mayar. Haka dai.

Na sa Bilkisu ta kira mini Sabi'u, domin aiki ya riƙe shi bai zo Sallah ba.

Ya ce, "Hajiya, kar a taɓa komai. Kar a kira mai gyara, kar a kwashe kayan ciki. In aka taɓa kafin mutuminsu ya zo ya ɗauki hoto, ba za su biya ba."

Na ce, "Yaushe zai zo?"

"Gobe hutu ne. Sai Talata za su buɗe ofis."

"Sabi'u, naman mutane ne a ciki."

"Ai shi ya sa. In ya lalace sai su gani da idonsu, a biya har da shi. Ki yi haƙuri kwana biyu, a samo miki sabuwa."

Na bi maganarsa, don shi ya yi karatu. Na lulluɓa mata bargo biyu, na rufe taga. Yini guda ina shiga ina fita, ina shafa gefenta da bayan hannu. Na san firizata. In ta cika kuma an bar ta a rufe, takan riƙe sanyi kwana ɗaya da rabi, amma wannan robar bakin marfinta ta saki tuntuni, naman tsakiya kuma bai gama kamawa ba, ga garin da zafi. Za ku ce me ya hana ni aika wa kowa nasa? Gida uku sun tafi ƙauye yawon Sallah. Sauran kuwa, kunya ce ta hana ni. Ban taɓa mayar wa mutum ajiyarsa tana ɗigar ruwa ba, kuma na san in magana ta fita cewa firizar Hajiya Yalwa ta mutu, masu sayen ƙanƙara wani lungun za su koya.

Litinin da sassafe na ɗaga bargo na duba ƙasa, wurin ɗan ramin da ake tsiyaye ruwa. Ruwa ja ya biyo siminti, siriri, ya nufi bakin ƙofa. Ƙuda biyu sun riga ni zuwa. Na ɗaga marfi. Na latsa ledar sama, yatsana ya shige. Na sunsuna, lafiya lau tukuna, da sauran sanyi, amma ba zai kai azahar ba.

Na ce, "Bilkisu, haɗa murhu biyu."

Ta ce, "Hajiya, Yaya Sabi'u fa ya ce..."

Na ce, "Na ji abin da ya ce. Haɗa murhu."

Mai bai isa ba, itace bai isa ba. Na yafa mayafi na fita da kaina, kuma ranar yawancin shaguna a rufe suke, sai da na kai Kabara na samo man gyaɗa. Ban fi awa guda ba. Da na dawo na tarar Bilkisu, yarinya mai zafin nama, Allah ya yi mata albarka, ta gama aikin mutum uku. Ta fito da nama duka, ta kwance ledoji, ta juye a manyan daro biyu, ta wanke tas, ta yanka wanda ke buƙatar yanka, ta barbaɗa gishiri. Na tsaya da galan a hannu.

Na ce, "Ina ƙyallayen?"

Ta ce, "Waɗanne? Au, tsummokaran nan? Duk sun jiƙe da jini, Hajiya, na zuba su a shara."

Na je na duba. Ga su nan a dunƙule, fari da ja da kore duk sun koma kala ɗaya. Ko da ba su koma ba, me za su gaya mini yanzu? Rago ya shiga akuya, akuya ta shiga naman sa na watanda, gida tara sun zama daro biyu.

Da ta gane, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Hajiya, na ɗauka kin rubuta a wani wuri."

Na ce, "Ni da rubutu, 'yar nan? Ba laifinki ba ne. Miƙo matsami."

Muka soya har rana ta faɗi. Ba wanda ya zargi komai, domin da Sallah kowane gida hayaƙin suya yake. Ko tsoka ɗaya ba ta lalace ba. Muka tsane, muka zuba a tukwane muka rufe da kitse, muka tura ƙarƙashin gado. Na kwana uku a kan naman mutane, duk sallamar da aka yi a soro sai in ɗauka mai karɓar ajiya ce.

Laraba mutumin inshora ya zo, saurayi mai ladabi, da farar riga da waya a hannu. Tare da shi aka kira Malam Garba mai gyara. Saurayin ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki hoton firiza gaba da baya, ya buɗe ya ga wayam.

Ya ce, "Baba, an ce akwai nama a ciki. Ina wanda ya lalace?"

Na ce, "Bai lalace ba, ɗana. Na soya."

"Naki ne?"

"Na maƙwabta ne. Nawa bai fi kwano ba."

Ya dubi ledojin ƙanƙara da ke rataye a ƙusa, ya ce, "Sana'a kike yi da ita?"

Na ce, "Tun ba a haife ka ba."

Ya sosa ƙeya. Malam Garba kuwa ya kwance bayanta, ya gwada da ɗan abin awonsa, ya ɗago ya dube ni kafin ya yi magana. Na ce, "Faɗi abin da ka gani, Malam." Ya ce ba wuta ba ce, babu alamar ƙuna ko kaɗan. Inji ne ya gaji ya tsaya. Tsufa ne.

Sai saurayin ya karɓi takardar da na ciro daga kwalla, ya juya bayanta, ya karanta mini da Hausa a hankali. Gobara tana ciki, wuta mai ƙarfi tana ciki. Tsufa ba ya ciki. Kayan da ake sana'a da su, takardarsu daban ce, ba wannan ba. Kayan wani da aka kawo ajiya kuwa, ko sun ƙone ko sun ruɓe, babu su a ciki sam.

Na ce, "Tsaya. Da na bar naman nan ya ruɓe har ka zo ka gani fa?"

Ya ce, "Wallahi Baba, da asara biyu kika yi."

Na nemi bakin gado na zauna. Yini guda da kwana guda na tsare naman gida tara yana narkewa, saboda takardar da ba ta san da shi ba. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu karatu, in an ba ku takarda ku juya bayanta, ku tambayi abin da ba ta ɗauka, ba abin da ta ɗauka kaɗai ba.

Saura yadda za a yi da gawar firizar. Malam Garba ya ce ko an sa sabon inji wahala ce, don bututun da ke cikin bangonta sun yi tsatsa, gas zai riƙa zurarewa. Bilkisu ta ce a bar ta a zuba masara, ɓera ba zai shiga ba. Ya girgiza kai ya ce, "Gidan da yara ke wasan ɓuya? Yaro in ya shiga marfin nan ya faɗo, ko ihu yake ba mai ji. In za a ajiye sai an cire marfi." In an cire marfi kuwa, ɓera ya samu ɗaki. Jefarwa a bola ko bakin kwata, wannan toshe wa unguwa hanyar ruwa ne, kuma can ma yara za su same ta. Sai 'yan gwangwan. Amma kafin a kira su, Malam Garba ya zuƙe gas ɗin da man inji da kayan aikinsa, ya ce kar a yarda su fasa bututu a tsakar gida kusa da murhu. Injin shi ya tafi da shi.

Alhamis ɗan gwangwan ya zo da kurarsa. Sai firiza ta ƙi fita, domin tana ciki aka sake ginin ɗakin, ƙofa ta tsuke. Dole ya sa guduma da kurfi ya raba ta a inda take. Ƙarar nan kuwa har masallaci. Ba a yi minti goma ba tsakar gida ta cika da mata, waɗanda suka je ƙauye ma sun dawo. Tasalla ce a gaba, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Yalwa, wannan da ake sara ba ita ce mai cinyoyina biyu a ciki ba?"

Na ce, "Ita ce. Ku zauna."

Na sa aka fito da tukwane, aka juye a daro. Na faɗa musu komai daga farko, ban ɓoye kwana ukun da na yi shiru ba, ban kuma ɗora wa Bilkisu ba. Na ce, "Namanku ga shi, bai lalace ba, amma ban san na wane da na wance ba. Kowa ta san abin da ta kawo. Ta ɗiba, ta yafe mini."

Ɗan gwangwan yana ta sara a ɗaki.

Tasalla ta ce, "Oh ni! Ragona mai kitse ya auri akuyar gidan tela ba a gayyace ni ba." Aka yi dariya, matar tela ta ce, "Ragon naki da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga soro?" Da haka aka fara ɗiba. Sai dai abin da nake tsoro ba shi ya faru ba. Ina tsoron a yi wawa nama ya kasa. Ashe kowa idon 'yar'uwarta take ji. Matar liman ta ɗibi rabin nata ta ce ya isa. Tasalla mai baki ta cika kwano, ta dubi mutane, ta mayar da tsoka huɗu. Gwaggo Hanne ce ta ƙarshe. Ta sa hannu ta ɗauki abin da bai cika tafi biyu ba, ta ƙulle a bakin zane.

Na ce, "Gwaggo, naki ya fi haka. Ni na karɓa, hannuna ya san nauyinsa."

Ta ce, "Ni da ban yanka ba, in cika kwano a gaban waɗanda suka yanka? A ce Hanne ta samu dama? Wannan ma Allah ya amfana."

Ta dogara sandarta ta fita. Aka watse aka bar ni da rabin daro. Na bi su ɗaya ɗaya, kowa ta ce ta yafe, in ci ko in yi sadaka. Su sun yafe daga cikin yalwa, suna da soyayye cike da tukunya a gida. Ita kuwa wata biyu ne aka mayar mata kwana biyu, kuma a soye, abin da bakinta ba ya iyawa. Da yamma na kai mata kwano da kaina. Ta ƙi ko buɗewa. Ta ce an riga an raba a gaban jama'a, abin da ya saura ba ta san na wa ba ne, ba za ta ci shubuha a ƙarshen rayuwarta ba.

Na dawo na zauna ina kallon wurin da firiza ta tashi, siminti fari fat, kewaye da baƙi. Sana'a ta tafi a kan kura, wannan na haƙura. Amma ajiyar tsohuwar nan tana wuyana.

Sai na tuna abu ɗaya da ba a mayarwa a garin nan: kwanon abincin maƙwabci. Kyauta ana iya ƙi, rabo ana iya ƙi, amma tuwo in ya shigo gida a rufe, ba a kora shi. Washegari na ware daidai nauyin da hannuna ya tuna, sauran na bayar sadaka da sunan gida tara. Na ɗauki tsoka uku na dafa tun hantsi har suka saki kamar auduga, na sa a miyar kuka, na tura su ƙasan kwano na rufe da tuwo mai laushi. Na kai da kaina na ajiye mata, na ce, "Gwaggo, ga ɗan tuwo," na juya. Da safe kwano ya dawo a wanke. Na sake. Kullum ina miƙawa ina jiran ranar da za ta ture shi. Haka muka yi ta yi har watan Sallah ya mutu, wani ya kama, ya yi nisa.

Ran nan na kai, na sunkuya zan ajiye, sai ta riƙe mini wuyan hannu. Hannun nata ba nauyi, amma ban iya motsi ba.

Ta ce, "Yalwa, gobe ki kawo tuwon in kin so, amma ban da abin da ke ƙasa."

Na ce, "Gwaggo, ai miya ce kawai."

Ta ce, "Ni ma hannuna ya san nauyinsa. Tun shekaranjiya kika gama. Na jiya naki na ci, na yau ma naki ne."